Kunun Kanwar Surukina

Duk wanda ya buɗe wannan littafi ba da izinina ba, ya rufe shi tun Allah yana rufa masa asiri. Fatimatuzzahra, da ke nake musamman, don na san hannunki ba ya zama wuri ɗaya, kuma kin san inda nake ɓoye mabuɗin durowa. Abin da ke ciki maganar manya ce. Sai an kai ki ɗakin mijinki kin zauna tukuna za ki isa jin ta. In kika karanta kafin nan ban yafe ba, kuma zan gane, domin fuskarki ba ta iya ɓoye komai.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan Azahar

Mutmainna ta zo. A takarda kawai nake iya kiran sunanta, tunda 'yar fari ce, bakina bai saba furta shi ba. A gida "ke" nake ce mata, ko "yayar Zahra." Napep ya sauke ta a ƙofar gida da akwati, ba jakar hannu ba, kuma mijinta Badaru bai rako ta ba. Ta ce ta zo taya mu shirin bikin Zahra ne, bikin da sai tsakiyar watan gobe.

Na zuba mata sakwarar sabuwar doya da miyar agushi, abin da ta fi so tun tana ƙarama. Ta ɗan taɓa ta ture kwano. Ta shiga ɗaki ta kwanta, ta juya wa ƙofa baya. Da na leƙa sai na ga idonta ya yi ja.

Ƙin abinci, kasala, kuka ba dalili, ga aure ya doshi shekara. Ni da na haihu na san wannan. Alhamdu lillahi.

Na tari maigidana Malam Yahya tun a zaure da ya dawo daga shagon ɗinkinsa cin abinci.

"Malam, ka fara neman rago."

"Wane rago kuma? Na bikin ma ban gama da shi ba."

"Wannan na suna ne."

Ya dubi ƙofar ɗakin, ya dube ni. "Ita ta faɗa miki?"

"Sai ta faɗa?"

"Indo, ki bari ta faɗa da bakinta."

Maza ba su da ido, shi ke nan.

Laraba, 10 ga Satumba, da hantsi

Na ciro zanin goyon da na goya su da shi daga ƙasan akwati, na wanke na shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani. Na sayo mata gwaba da dafaffiyar gyaɗa. In namiji ne Ameer za a riƙa kiransa, ko wane suna uban ya zaɓa.

Maƙwabciyata Winifred, wadda muke ce wa Maman Erdoo, ta hango zanin ta saman katanga. Ita Tibi ce, garin rogo take sayarwa, kuma shekara da shekaru muna ba juna gishiri da garwashi ta saman katangar nan. 'Yarta Erdoo ajinsu ɗaya da Mutmainna tun firamare. Ta ce, "Maman Zahra, wannan zani na wa? Ko kai ne za ka sake?" Hausarta ba ta raba mace da namiji, bakinta kuma ba shi da linzami, amma zuciyarta fes. Na ce ta jira ta ji guɗa.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan Magariba

Alhamis ce. Na canza zanin gado, na wanke kai, na zuba garwashi a kasko na kunna turaren wuta kamar yadda na saba. Tsafta ce, kuma gobe Juma'a.

Juma'a, 12 ga Satumba, da safe

Babbar tukunya na ɗora ta ruwan wanka. Na tashi da nishaɗi, har Zahra tana tambaya ko wani abu aka ba ni. Na ce ta je ta share tsakar gida.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan Azahar

Mutmainna ba ta yi sallar Asuba ba, ba ta yi Azahar ba. Ba ciki ba ne. Na mayar da zanin cikin akwati.

Lahadi, 14 ga Satumba, da yamma

Na sa ta yankan kuɓewa a madafa, ni kuma na fuskanci murhu, don ba zan iya kallon idonta ina irin wannan tambaya ba.

"Ke, dukanki ya yi?"

"A'a, Umma."

"Abinci ya hana ki?"

"Doya har ruɓewa take a gidan."

"Uwarsa ce?"

"Inna ba ruwanta."

"Wata ce a waje?"

"Badaru? Ai ko kallon mace ba ya yi." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

Na daɗe ina juya miyar da ba ta bukatar juyi. Sannan na ce, "To maganar ɗaki ce?"

Wuƙar ta tsaya. Ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Daga ciki ta ce, "Ni dai ba zan koma ba, Umma. Ya ba ni takardata kawai."

Takarda. Aure ko shekara bai cika ba, ga bikin ƙanwarta a gaba. Ban ƙara tambaya ba, domin na riga na gane.

Abin da na ji daga bakin kakata, kuma na riƙe, shi ne Allah ya halicci namiji da yunwar da ba ta san ƙoshi ba, mace kuma ya ba ta kunya da haƙuri. Mace ta gari ba ta nema. Nemanta ake yi, ta amsa don lada. Haka na gaya wa Mutmainna ranar da za a kai ta, haka zan gaya wa Zahra. Amma haƙuri yana da iyaka. Badaru ƙato ne, dillalin doya, yini yake daga gonakin Kwandere zuwa kasuwa yana lodi da sauke, ya cinye sakwarar mutum biyu. Ita kuwa siririya kamar karan dawa. Tun ranar da ya zo gaisuwar surukai na gaya masa daga bayan labule cewa yarinyar nan ba ta da ƙarfin jiki, ya ji tsoron Allah ya bi ta a hankali. Ya ce, "In sha Allahu, Umma." Ashe a leɓe maganar ta tsaya.

Auren nan ba zai mutu ina raye ba. Kuma ba zan mayar da 'yata a ƙarasa ta ba.

Litinin, 15 ga Satumba, da hantsi

Na samu mafita, tun ina kan sallaya ta faɗo mini. Kanwa. Kowa ya san abin da ake cewa kanwa tana yi wa namiji. Lokacin da muke sakandare ma ana raɗe-raɗin ita ake zuba wa 'yan maza na makarantar kwana a cikin wake, don su natsu su yi karatu. Ba guba ba ce, ba asiri ba ne, ba zuwa wurin boka. Abinci ne.

Na je kasuwa wurin matar da ke kawo gishirin Keana, na sayi jar kanwa mai yawa. Ta ce, "Jego ake yi a gidan?" Na ce ta auna mini kawai. Na surfa gero, na kai niƙa, na dama kunu da citta da kanumfari da barkono yadda ɗacin ba zai fito ba. Na cika babban fulas.

Shagon Malam yana bakin hanyar kasuwar doya. Na ce masa, "Matar yaron nan tana wurinmu, bai kamata a bar shi ba abin karyawa ba. Ka riƙa miƙa masa kullum da safe."

Ya ce, "Kai, Indo, Allah ya yi miki albarka. Ba kowace suruka ce za ta tuna da wannan ba."

Na ce amin. Kafin ranar biki zan mayar masa da matarsa, shi ya yi sanyi, ita ta huta. Ji nake kamar in taka rawa.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan La'asar

Fulas yana dawowa wanke tas. Yau har da manyan doya Badaru ya aiko na godiya. Na ƙara kanwar kaɗan.

Juma'a, 19 ga Satumba, da safe

Ƙaramar tukunya na ɗora. Jiya Malam ya dawo, ya ci tuwo, ya ce ankon bikin nan ya karya masa baya, ya kwanta tun turaren bai gama ci ba. Ban damu ba. Na rubuta ne kawai.

Farantin tangaran ya suɓuce mini ya fashe. Zahra ta ce, "Umma, lafiya?" Na ce yarinyar da za a kai ɗaki amma har yanzu ba ta iya jera kwanuka yadda ba za su zame ba, ita ya kamata a tambaya lafiya.

Ban damu ba.

Asabar, 20 ga Satumba, da yamma

Badaru ya zo, ya durƙusa a zaure. Mutmainna ta ƙi fita. Na gaisa da shi daga bayan labule, na ɗan ɗaga gefe na duba. Ya rame, muryarsa ta yi ƙasa, kansa a sunkuye. Kanwa ta fara aiki. Ya ce kawunsa zai zo biko ranar Juma'a ta sama, uku ga wata. Da na shiga na gaya mata, sai ta ce, "Ya zo. A gabansa zan nemi takardar."

Akwai sauran lokaci. Gobe zan ƙara hannu.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan Azahar

Raina a ɓace yake, bari in rubuta ko na huce.

Ina dakan kanwa a turmi Maman Erdoo ta shigo aron rariya. Ta leƙa turmin.

"Wannan kanwa duka, shanu za ka ba?"

Da yake mun daɗe tare, kuma abin yana cina, sai na gaya mata a taƙaice. Ban faɗi komai ɓaro-ɓaro ba. Na ce yaro ne mai zafi, ana ɗan sanyaya shi.

Ta ajiye rariyar. Ta zauna a kan kujerar tsuguno ta kama ciki tana dariya har da hawaye.

"Maman Zahra, kai da karatu naka duka. Wuta ya mutu, kai kana zuba ruwa."

"Wace wuta?"

"Yarinya naka ya yi magana da Erdoo a waya, ni ina wurin ina auna gari. Ba don miji ya yi yawa ya gudu ba. Miji ne ba ya zuwa. Yarinya yana so, miji yana barci."

Na ce ta iya bakinta, 'yata ta sauke Alƙur'ani, ba a gidan banza ta tashi ba.

Ta ce, "To wanda ya sauke ba shi da jini? Abeg. Ni lokacin da Baban Erdoo yana da rai, in ya dawo gona ya ce ya gaji, ni ne nake ɓoye masa rediyo. Mace ma mutum ne. Wani namiji kullum, wani sai an tuna masa. Wani mace haka, wani mace haka. Kanwa kuma na miya ne, ba ya kashe komai sai ciki ya yi ta gudu."

Na ce ta ɗauki rariyarta. Ta ɗauka, tana fita tana cewa, "Ka tambayi yarinya naka da kyau, ba da juya baya ba."

Talata, 23 ga Satumba, da safe

Ƙarya ne. Ba 'yata ba.

Laraba, 24 ga Satumba, da yamma

Ban gaisa da Maman Erdoo ta katanga ba. Na dama kunun, amma hannuna ya ƙi zuba kanwar kamar da. Maganar nan da yarinyar ta yi ce take ta dawo mini: ko kallon mace ba ya yi. Da dariyar da ta biyo baya.

Alhamis, 25 ga Satumba, da hantsi

Bayan Malam ya fita da fulas na koma madafa ɗauko ashana. Na tarar da Mutmainna a tsugune gaban tukunyar kunun, tana kankare sauran tana sha. A gefe ga ƙullin kanwar a buɗe, ta gutsura ta ƙara a kofinta.

"Ke, me kike yi?"

Ba ta ɗago ba. "Na ji kuna magana da Maman Erdoo. Na ce ko ni zai yi wa aiki."

Na zauna a bakin ƙofa, ita tana kallon tukunya, ni ina kallon tsakar gida.

Ta ce, "Umma, ke kika ce mace ta gari ba ta nema. Ban nema ba. In ya dawo sai wanka, abinci, barci. Mako ya wuce, wani ya bi. In yi kitso, in yi lalle, ya ce sannu da aiki. Yana da kirki, wallahi yana da kirki, kamar yayana. Ran da na kasa daurewa na yi magana, magana ɗaya, sai ya tashi zaune ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, a ina kika koyi wannan?"

Ta goge ido da bakin zaninta, ta ci gaba.

"Kin ji abin da ya ɗauke ni. Shi ya sa ba zan koma ba. Umma, ni ce ba ni da lafiya? Haka sauran mata suke, ko ni kaɗai ce?"

Na tashi na karɓe kofin daga hannunta na zubar a makwarara. Na ce, "Lafiyarki ƙalau. Je ki kuskure baki." Iyakar abin da na iya ke nan.

A ina kika koyi wannan. 'Yar da na raina da hannuna, ko biki ba ta zuwa sai da ni.

Juma'a, 26 ga Satumba, da safe

Ban dama kunu ba. Jiya ban kunna turare ba, ba ni da wannan sukunin. Malam ya zauna da rediyonsa a tsakar gida har ya yi hamma ya shige. Ƙaramar tukunya. Ban damu ba.

Asabar, 27 ga Satumba, bayan La'asar

Bayan an tashi daga Islamiyyar matan aure na tsaya har kowa ya watse. Na ce wa Malamarmu wata mata ce ta aiko ni da tambaya game da 'yarta. Ta saurara, ba ta tambayi wace mata ba, Allah ya saka mata. Ta ce kamar yadda miji yake da haƙƙi a kan matarsa a wannan fanni, haka ita ma take da shi a kansa, kuma matar da ta nemi mijinta na sunna ba ta yi abin kunya ba. Ta ce Allah bai auna wa mutane wannan abu da mudu ɗaya ba, wani da yawa wani kaɗan, a maza da mata duka.

Haƙƙi. Ashe haƙƙi ne. Tun daga makarantar har gida sauri nake kamar ana kirana, hijabina yana kama iska. In haƙƙi ne ai na san yadda ake yi da shi. Ba a danne haƙƙin 'yata, ko da barci ne.

Sai dai ni ba zan iya zaunar da suruki in yi masa wannan magana ba. Sai namiji. Wato sai Malam. Wato sai na yi wa Malam maganar da ban taɓa yi masa ba tun da aka kawo ni gidan nan.

Lahadi, 28 ga Satumba, da hantsi

Na aiki yaran biyu wurin mai lalle don su tsayar da rana. Malam yana datsa yadi a kan tabarma. Na zauna nesa kaɗan da tiren shinkafa ina tsince tsakuwa, na faɗa masa komai ina kallon tiren. Da na zo kan kanwa sai almakashin ya tsaya.

"Kunun nan?"

"Shi."

"Indo, ai tare muke sha. Yaron ba ya yarda ya sha sai ya fara zuba mini. Ni nake shan kofin farko, wani lokaci har na biyu. Shi ya sa cikina yake ta kuka."

Tiren ya kusa kifewa. Shi kuwa dariya, har da riƙe ƙirji. Na ce ba abin dariya ba ne, auren 'yarsa ne zai mutu. Ya natsu, ya goge ido. Ya ce zai sami yaron.

Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma sai na ce ni dai abin ya ɗaure mini kai, ban san inda yarinyar ta gado wannan ba, tunda a saninmu namiji ne mai nema.

Ya ajiye almakashi. "A saninku ku wa?"

"A sanin kowa."

"Indo, tun da muke, na taɓa ƙwanƙwasa miki ƙofa ranar da ba ki kunna turare ba?"

Na ce ban gane ba.

"In na shigo zaure na ji ƙamshi, na san ana nemana. In ban ji ba, in ɗauki rediyona. Wancan makon na ji ƙamshin, bayana ne ya ƙi, kuma na ji abin da ya sami farantin da safe. Wannan makon ba ki kunna ba, na zauna ina ta jira har aka rufe tasha."

Na ce, "Turaren na sauro ne."

"To. Sauron gidan nan ranar Alhamis kawai yake cizo."

Na ɗauki tirena na koma madafa. Malam ya tsufa bai daina shiririta ba. Fuskata har yanzu zafi take, murhu ne.

Lahadi, bayan Azahar

Tsafta ce. Na sha faɗa.

Talata, 30 ga Satumba, bayan Magariba

Malam ya sami Badaru. Ya ce ya rufe shago ya ja shi can bayan rumfunan doya inda ba kowa. Da farko yaron kamar ƙasa ta tsage ya shige. Daga baya ya buɗe baki.

Lafiyarsa lau, ba wata a waje, kuma yana son matarsa. Ya ce shi dai haka yake, ba kullum abin yake zo masa ba, balle lokacin sabuwar doya da yake dawowa kamar an yi masa duka. Ga kuma abin da na gaya masa daga bayan labule. Ya riƙe shi kamar karatu, ya ɗauka duk ranar da ya ƙyale ta alheri ya yi mata. A kasuwa kuwa abokansa kullum cika baki suke, kowa zaki ne a gidansa, shi sai ya yi shiru yana ganin ko shi ne ragagge. Ran da ta yi magana sai ya ji kamar ta gano shi. Kunya ta sa ya jefa mata wannan tambaya, kuma tun daga ranar bai sake barcin kirki ba.

Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce 'yan kasuwa rabin maganarsu iska ce. Na ce ba a son ya zama wani, ana son in ya gaji ya ce ya gaji, ya kuma faɗi ranar da ba zai gaji ba. Na ce maganar da ya yi kuwa, shi ya fitar da ita, shi zai zo ya kwashe ta kafin kawunsa ya taka gidan nan."

"Ka gaya masa zancen kunun?"

"Na ce an daina saboda tsadar gero."

Wani lokaci Malam yana da hankali.

Laraba, 1 ga Oktoba, da safe

Na miƙa wa Maman Erdoo kwanon ɗanwake ta saman katanga. Ta karɓa ta shinshina. "Kanwa nawa ka sa?" Na ce daidai na ɗanwake. Ta ce, "Yauwa, yanzu ka dawo hanya." Na ƙyale ta.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan La'asar

Badaru ya zo! Da wanka da farar shadda, ba warin buhu. Ya durƙusa a zaure ya ce, "Umma, na zo janye wata magana ce, in za a ba ni izini."

Na shiga na ce mata, "Ke, tashi ki je falo. In kin ji abin da ya kawo bai yi miki ba, ɗakinki yana nan, ba mai korarki." Ta dube ni, ta ɗauki mayafi.

Na ce wa Zahra ta zo mu je gidan Maman Erdoo duba kwanukan biki. Ta wuce gaba. Ni kuma takalmina ya ɓace, na daɗe ina nemansa a gindin tagar falo.

"Wace maganar za ka janye?" in ji ta.

"Wadda na tambaye ki inda kika koya."

"To a ina na koya?"

"Ba inda kika koya. Matata ce ke. Ni ne na ji kunya, na ɗora miki."

"In na sake magana fa?"

"Zan saurara."

"In ka gaji fa?"

"Zan ce na gaji. Ba zan ce kin yi laifi ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma ba kullum ake lodi ba. Ran Juma'a da Lahadi ba na zuwa Kwandere."

"Sai yanzu ka san da Juma'a da Lahadi?"

Na ji ta yi dariya, ba irin ta ranar kuɓewa ba. Nan na ga takalmina, ashe yana ƙafata.

Da muka dawo ta riga ta haɗa akwati. Na shiga ɗakina na ɗauko sabon kaskon da na saya wa Zahra, da kwalbar turarena mai kyau, na naɗe a leda na tura mata cikin akwatin ban ce komai ba. Ta buɗe ta leƙa.

"Irin na ranar Alhamis ne, Umma?"

"Wace Alhamis?"

"Wadda ake kora mu barci da wuri tun muna yara."

Na ce, "Ke, tashi mijinki yana jira."

A ƙofa ta rungume ni, abin da ba mu saba ba. Na ce ta sake ni, mutane suna kallo. An aika wa kawun cewa ya huta, ba sai ya zo ba. Zahra za a saya mata wani kaskon.

Magariba ta kusa. Bari in je in ga ko akwai sauran garwashi.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da hantsi

Babbar tukunya.

Ban canza ra'ayi a kan kunya ba. Kunya ado ce, kuma 'yar da na haifa ba za ta zauna a bainar jama'a tana irin zancen Maman Erdoo ba. Amma kunya ta waje ce. Tsakanin mace da mijinta akwai haƙƙi, kuma ban ga inda aka ce mai haƙƙi ya yi shiru har ya rame ba.

Bayan karin kumallo na tsayar da Malam da Zahra a tsakar gida na faɗa musu, kuma na rubuta a nan don kada wani ya ce bai ji ba. Daga yau kanwa a gidan nan ta ɗanwake ce da miyar kuɓewa. Duk 'yar da za ta fita daga gidan nan zuwa ɗakin miji da kaskonta za ta tafi, ni zan gaya mata amfaninsa da bakina, ido cikin ido. Ranar Alhamis kuwa ba a karɓar baƙo bayan Magariba, kuma Malam zai rufe shago kafin a kira sallah, ko ɗinkin wa ke kan keke.